Jikar Mai Okpa

Makarantar da nake koyarwa tana bayan masallacin unguwarmu, a gefen Obiagu cikin Enugu. 'Yan kasuwar Ogbete ne suka haɗa hannu suka gina ta don 'ya'yansu, boko da safe, Islamiyya da yamma. Ni darasin zamantakewa nake yi wa 'yan ƙaramar sakandare. A garin nan aka haife ni, a nan na yi wayo, ina jin yaren Ibo kamar yadda nake jin Hausa. Wannan ya sa kunnena ya sha maganganu daga ɓangarorin biyu, irin waɗanda ake yi idan an ɗauka babu baƙo a kusa.

A ƙofar makarantar akwai wata tsohuwa 'yar Ibo mai sayar da okpa. Ga wanda bai zauna Enugu ba, okpa kamar alale take, sai dai da garin gurjiya ake yinta, a sa manja da barkono, a ƙulle a ganyen ayaba a dafa. Kafin a buɗe ƙofa tsohuwar tana nan a kan bencinta, baho a gabanta lulluɓe da tsumma, tururi na tashi. Babu yaron makarantar nan da bai ci okparta ba, mu malamai ma ba mu tsira ba. Gurjiyar daga Arewa take zuwa, a wurin wani Bakano mai sayar da hatsi a Ogbete take saye. Garin wannan ciniki ne mutumin ya ga 'yarta, ya nema, aka ba shi, ta musulunta. 'Yarsu ta fari tana ajina.

Yarinyar ba ta da yawan magana, amma kanta na ja. Da an kaɗa ƙararrawar tara sai ta fita ta zauna kusa da kakarta, tana taya ta kwance ganye, suna hira da yaren Ibo. Tsohuwar kan gyara mata hijabi idan ya karkace, tana kiranta "nne m", wato uwata. Sau da yawa nakan tsaya daga taga in dube su, don abin yana yi min kyau.

Wata Litinin muka zo muka tarar da benci babu kowa. Tsohuwa ta rasu a ƙarshen mako. Na ɗebi 'yan ajin muka je gidan su yarinyar muka yi ta'aziyya, yaran nan duk jikinsu ya yi sanyi, har da masu hawaye. A hanyar dawowa ɗaya ta tambaye ni a wace maƙabarta aka kai ta. Na ce ba a binne ta ba tukuna, tana mutuware.

Mu dai an san mu, mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Su kuwa Ibo da yawansu sukan ajiye gawa a mutuware, a sanar da dangi, a sa rana, a ɗinka anko, a buga hoton mamaci a manna a bango, sannan a kai shi ƙauyensu a binne a cikin gida, da taro da kiɗa. Yaran ajina duk sun san haka, a cikinsa suka tashi. Amma wannan karon gawar ta wadda suka sani ce, jikarta kuma tana zaune a tsakiyarsu.

Da farko tambaya ce ta tsakani da Allah: "An binne ta?" Sai yarinyar ta girgiza kai. Mako ya wuce, wata ya wuce, tambayar ba ta canja ba, muryar da ake yinta ce ta canja. Akwai wata doguwa a ajin, uwar tsokana, wadda idan ta yi dariya dole kowa ya yi. Ita ta fara cewa, "Har yanzu kakar taki na firij kamar kifi?" Daga nan kowa ya samu baki. Inyamurai ba su san zafin mutuwa ba. Inyamurai sai sun tara makaɗa da giya sannan su tuna da gawa. Inyamurai ko mutuwa kasuwa ce a wurinsu. Ba yaran suka ƙirƙiri waɗannan maganganu ba. A tsakar gida suka tsince su, ni ma a can na fara jinsu.

Abin haushi, a zangon nan ne na koya musu babin da ke cikin manhaja a kan yi wa mutane kuɗin goro, wato ka ɗauki halin mutum ɗaya, ko abin da ka ji ana faɗa, ka yafa wa ƙabila gaba ɗaya. Na rubuta ma'ana a allo, suka kwafa, suka haddace. Na yi gwaji, kusan kowa ya ci, doguwar nan ma tana cikin na gaba-gaba. Sai su rufe littafi su fita tara su ci gaba daga inda suka tsaya. Na yi faɗa, na sa wasu sun yi kneel a rana har gwiwarsu ta yi ja, abin da ya ƙaru kawai shi ne sun koyi rage murya idan na doso.

Rannan ina ofishin malamai, tagar a buɗe, na ji an sake jefa wa yarinyar tambayar. A da shiru take yi. Ran nan sai ta amsa, da wata murya busasshiya da ban san ta da ita ba.

"Ni ina ruwana da su? Ni Bahaushiya ce, ubana Bakano. Mai okpa ce kawai."

Aka kwashe da dariya, aka ƙyale ta. Ta samo abin da zai sa a ƙyale ta ke nan. Wallahi da zagina aka yi da ya fi min sauƙi a kan jin wannan magana daga bakin yarinyar da nake gani ana gyara wa hijabi a kan benci.

Ba a daɗe ba mahaifiyarta ta zo makaranta bayan an tashi. Mace ce mai kamun kai, Hausarta ta nuna, sai dai harshen bai gama sakin asalinsa ba. Muka gaisa, na yi mata ya ƙarin haƙuri, ta zauna a kujerar ɗalibai tana murza bakin mayafinta.

"Malama, an sa rana. Asabar ta sama za a kai Mama gida."

"Allah ya kai mu, Yaya."

"'Yarki ta ce ba za ta ba."

Ta ce an ɗinka wa yarinyar ankon, doguwar riga har ƙasa, aka saya mata farin hijabi sabo, ko gwadawa ta ƙi yi. Maigidan ya je ya tambayi liman, liman ya ce zumunci ne, su je, abin da ya shafi addu'ar coci su koma gefe. Shi maigidan zai je, amma ya ce ba zai ɗaure yarinya ya jefa a mota ba. Sannan ta gaya min abin da ya fi ci mata rai. A al'adarsu, idan za a ɗauko gawa, akwai wadda ke shiga gaba riƙe da hoton mamaci. Tsohuwa tun tana kwance ta faɗa a gaban 'ya'yanta cewa jikarta ta Hausa ce za ta riƙe nata, kuma da hijabinta, kada wanda ya ce ta cire.

"Tun da aka fara yi mata wannan abu a makaranta ban ga hawayenta ba," in ji ta. "Idan na yi mata yare, da Hausa take amsa min. Malama, na rasa uwa. Kada in rasa 'ya a mutuwa ɗaya."

Na ce mata zan yi iya ƙoƙarina. Ban yi mata alƙawarin komai ba, don ban san ta inda zan ɓullo ba.

Washegari na shiga aji ban buɗe littafi ba. Na ce yau labari zan ba su, kowa ya ajiye biro. Na ba su labarin rasuwar mahaifina, wanda ban taɓa ba wani ɗalibi ba.

Baba albasa yake sayarwa a Ogbete. Ina kamar shekarunsu ya rasu, bayan sallar asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Gidan da muke haya na wata mata ce 'yar Ibo, mun daɗe tare, Baba ne ke raka ta asibiti idan ciwon ƙafarta ya tashi. Ran nan ta yi sammako ta tafi babbar kasuwar Onitsha saro kaya. Da yamma ta sauka daga mota da ƙunshi a ka, ta ga maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Aka gaya mata. Ta ce a kai ta ta gan shi. Aka ce ai an binne. Sai ta saki ƙunshin ya faɗi, ta ɗora hannu a ka, ta kwarma ihu a gaban kowa: "Una don troway am like fowl?" Wai mun jefar da shi kamar mushen kaza. Ta ƙara da cewa Hausawa ba su da zuciya, ba su san darajar mutum ba.

Ajin ya ɓarke. Doguwar nan har miƙewa ta yi.

"Malama, wallahi ƙarya take! Mu da muke gaggawa don girmama shi? Don kada ya wulaƙanta?"

"Haka ne," na ce. "Ta san da haka?"

"To ai sai ta tambaya!"

"Ba ta tambaya ba. Ta ga abin da ba irin nasu ba, ta yanke mana hukunci mu duka, har da ku da ba a haifa ba. Ya kuka ji?"

Suka ce sun ji zafi. Na ce ni ma na ji, na shekara ban gaishe ta da daɗin rai ba. Sai da na girma na gane matar nan mutumin da ta sani shekara da shekaru aka ɗauke ba ta ga fuskarsa ba, kuma a wurinsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita ta yi ta dafa wa masu zaman makoki abinci har aka share.

Sannan na dubi doguwar na ce, "Kin ce da sai ta tambaya. Ku wa kuka tambaya?"

Jikar mai okpa tana can layin baya, kanta a sunkuye, tana kankare bakin tebur da farce.

Na gaya musu ba cewa na yi su bar namu ba. Ni kaina idan na mutu da safe, kada azahar ta same ni a waje, wannan shi ne addinina kuma ina alfahari da shi. Abin da nake so shi ne duk lokacin da suka ji bakinsu ya ɗauko "ai su haka suke", su tsaya su tambayi kansu: wa ya gaya min, shi wa ya gaya masa, kuma mutum nawa na sani a cikinsu? Na ba su aikin gida. Kowa ya samu wani ɗan Ibo da yake gaisawa da shi kullum, ya tambaye shi cikin ladabi me ya sa suke jinkirta binne mamaci. Ban ce a yi musu ba, a saurara kawai a kawo min.

Amsoshin da suka dawo ba su zo iri ɗaya ba, kuma abin da nake nema ke nan. Tela ya gaya wa ɗaya cewa shi gawar uwarsa ta jira ƙaninsa da ke aiki a teku ta wajen Fatakwal, don ɗa ba zai ji a waya an rufe uwarsa ba. Mai kemis ta ce idan matar aure ta mutu dole a je gidan iyayenta a faɗa musu baki da baki, su zo su gani da idonsu, in ba haka ba an ci mutuncinsu har abada. Wani makanike ya ce gaskiya wasu don nuna isa suke yi, shi kansa abin na ba shi haushi. Wata ta ce su a cocinsu yanzu faɗa ake yi a daina daɗewa. Akwai kuma wanda aka kora da cewa ku Hausawa me kuka sani, ku da ba ku da hawaye. Wani uba kuwa ya aiko min da saƙo cewa in koyar da abin da aka ɗauke ni in koyar, in bar tura masa ɗa gidan arna. Na karɓi saƙon na ce a gaishe shi.

Yawancin ajin sun yi sanyi daga ranar. Biyu ko uku ba su fasa ba, ba zan yi ƙarya ba. Ita kuwa wadda aka yi domin ta ba ta kawo komai ba. Da aka tashi na ce ta tsaya ta taya ni ɗaukar littattafai. Muna tafe a baranda na ce, "Ke ba ki samu wanda za ki tambaya ba?"

Muka ƙarasa ƙofar ofis. Sannan ta ce, "Malama, idan na riƙe hoton, ɗauka za a yi a waya. Zai zo nan. Za a ce ga ni can ina rawa da gawa."

"Zai iya zuwa," na ce. "Kuma za a iya faɗa. Ba zan ce miki na iya rufe bakin kowa ba."

Ta ɗago ta dube ni, ina jin ta zaci lallashi zan yi.

"Ni dai zan je," na ce. "Na daɗe ina cin okpar matar nan, kuma kullum sai ta zaɓo min mai zafi daga ƙasan baho. Ke kuma kin fi ni sanin abin da ke tsakaninku. Ajiye littattafan a nan, ki gaida mamanki."

Ranar Asabar na isa ƙofar gidansu da sassafe. Bas na tsaye, an gama loda kaya, uban yana gaba kusa da direba, uwar da ƙananan yara suna ciki. Uwar ta dube ni ta girgiza kai. Direba ya tada mota, ya yi hon. Uban ya ce a ɗan ƙara jira, bai waiwaya ba. Can sai ga yarinyar ta fito cikin doguwar rigar ankon da farin hijabi, ko karin guga bai fita daga jikinsa ba. Ba ta kalli kowa ba, ta shiga ta zauna a bakin taga. Muka bar gari muka kama hanyar Nsukka.

Ƙauyen ya cika. Rumfuna, kujeru, masu busa da ganguna, mata ƙungiya-ƙungiya kowace da kalar zaninta. Ba zan ɓoye ba, ƙarar ta yi min yawa, zuciyata ba ta saba haɗa mutuwa da kiɗa ba. Da aka fara addu'ar coci muka koma gindin wani mangwaro, mu da uban da yarinyar. Da aka gama, wani kawunta ya zo ya miƙa mata hoton a cikin firam. Tsohuwa ce cikin leshi da babban ɗaurin kai, tana murmushi, ban taɓa ganinta haka ba, ni da koɗaɗɗen zani na san ta. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta kifa a ƙirji, ta shiga gaban akwatin. Ba ta yi rawa ba, ba wanda ya ce ta yi. Tafiya kawai take, a sandare, idonta a bushe, wayoyi sun yi mata ca.

Wasu mata biyu a bayana suka fara magana da yare, sun ga mayafina sun ɗauka ba na ji. Mu Hausawa "aboki" suke kiranmu.

"Dubi 'yar abokin nan. Ko ɗigon hawaye."

"Ai haka suke. Ba su san zafin mutuwa ba."

Jinina ya hau. Maganar da na baro a ajina ce ta riga ni zuwa, ta canja zani kawai. Na juya na gaishe su da yarensu, gaisuwa cikakkiya, na tambaye su gajiya. Suka daburce suka amsa. Ban ƙara komai ba, don ba wurin faɗa ba ne.

A bayan ɗakin tsohuwar aka haƙa kabarin. Da aka zo saukar da akwati, wata tsohuwa ta ratso mutane tana dogara sanda, ashe ƙanwar marigayiyar ce, kamarsu ɗaya har wushirya. Ta tsaya gaban yarinyar ta dube ta. Hijabin ya zame baya saboda tafiya da zufa. Sai ta sa hannu ta jawo shi ta daidaita mata a goshi, ta ce, "Nne m."

Kukan da yarinyar nan ta yi ban taɓa jin irinsa a bakin yaro ba. Ta durƙushe da hoton a ƙirji tana kiran kakarta da yaren da ta yi watanni ba ta furta ba, tana cewa ta yafe mata. Uwar ta faɗa kanta ta rungume ta. Uban ya juya baya ya cire hula yana share fuska da ita. Ɗaya daga cikin matan nan biyu na ga ta kwance bakin zaninta tana goge ido, ba mu kalli juna ba.

Ran Litinin hoton ya riga mu isa makaranta, kamar yadda ta faɗa. Na gan shi a idon yaran tun daga layin taro. Na shiga aji, ban kai ga ajiye jaka ba doguwar nan ta juya baya ta dubi yarinyar. Na buɗe baki zan tsawatar.

"An binne ta?" ta ce, a hankali.

Yarinyar ta ɗago kai. Idonta har lokacin a kumbure yake.

"An binne ta. Kakata ce. Ni na riƙe hotonta."

Ba wanda ya yi dariya. Doguwar ta gyara zama, sannan ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," in ji jikar mai okpa.